Launi Mai Rikiɗa A Kan Ƙananan Siffofi: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Duk wanda ya taɓa kiwon tantabara ya san wuyanta ba shi da launi ɗaya. Ta juyo nan ka ga kore, ta karkata can ka ga shunayya, ta shiga inuwa ya koma toka-toka. Haka jelar baƙin zakara take, haka gashin ɗawisu, haka kumfar sabulu, haka ɗigon man inji idan ya bazu a kan ruwan kwata. Wannan launi mai rikiɗa yana cikin abubuwan da masu yi wa ƙananan siffofi fenti suka fi sha'awar fitarwa, kuma yana cikin waɗanda suka fi ba su wahala. Mutum zai sayi fenti mai tsada ya shafa, abin ya fito dishi-dishi, ya rasa inda matsalar take.

Akwai dalilin hakan, kuma sanin dalilin yana da amfani biyu. Na farko, aiki zai yi kyau ba tare da ɓarnar kuɗi ba. Na biyu ya fi nauyi, musamman ga mutanen ƙauyen Abare da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Anka, Bukkuyum da Gummi, inda duwatsu masu ƙyalli suke kusa da hannun kowa: wanda ya fahimci yadda launin yake samuwa ba zai taɓa niƙa dutsen ma'adini don neman sa ba.

Daga ina launin yake fitowa?

Launi iri biyu ne. Akwai na rini, irin na lalle, da shuni, da karan dafi da ake rina fata da shi. Hasken rana ya ƙunshi launukan bakan gizo gaba ɗaya. Sinadarin rinin sai ya shanye wasu ya mayar wa ido da wasu. Irin wannan ko an daka shi ya zama gari, launinsa yana nan, kuma ta ko'ina aka kalle shi ba ya canzawa.

Iri na biyu ba daga sinadari yake ba, daga tsarin abin yake. Haske yana tafiya ne a matsayin igiyoyi masu hawa da sauka, kuma kowane launi da tsawon igiyarsa. Wanda ido ke gani yana tsakanin nanomita 400, wato ɓangaren shunayya, zuwa 700, ɓangaren ja. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Idan haske ya faɗa kan wata fata siririya da ake gani ta cikinta, wadda kaurinta bai wuce wannan ma'auni ba, wani kaso yakan dawo daga samanta, wani ya ratsa ya dawo daga ƙasanta. Sai su haɗu a hanyar zuwa ido. Kamar a jefa duwatsu biyu cikin tafki ne: inda tudun igiyar wannan ya gamu da tudun igiyar wancan ruwa yakan ƙara tashi, inda tudu ya gamu da kwari sai ya kwanta. Launin da igiyoyinsa suka dace shi ke ƙara ƙarfi, wanda suka saɓa ya ɓace. Da ka karkata abin, tazarar da ke tsakanin hasken biyu ta canza, sai wani launi ya karɓi wurin.

Gashin ɗawisu a asalinsa ruwan ƙasa ne. Shuɗi da koren da ake gani suna fitowa ne daga ƙananan sandunan da aka jera sahu-sahu a cikin kowane silin gashi. Idan aka niƙa gashin, jerin ya rushe, abin da zai rage gari ne mai duhu. Ku riƙe wannan, domin duk sauran bayanin a kansa ya ginu.

Bature ɗan Ingila Robert Hooke ya yi rubutu a kan gashin ɗawisu da ya duba da madubin ƙara girma a 1665, Isaac Newton ya auna launukan siraran fatu a littafinsa na 1704, sannan Thomas Young ya kawo bayanin haɗuwar igiyoyi a farkon shekarun 1800.

Yadda masu sana'a suka bi sawunsa

Tun kafin masana su yi bayani, masu sana'a sun riga sun kama hanya. A ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa, magina tangaran na ƙasar Iraƙi sun gano wata dabara. Sukan yi zane a kan kwanon da aka riga aka gasa da haɗin azurfa da jan ƙarfe, su mayar da shi cikin tanderu mai hayaƙi da wuta marar ƙarfi. Idan aka goge, sai a tarar da wata siririyar fata ta ƙarfe ta zauna cikin gilashin kwanon, tana walƙiya da ruwan zinare, wani lokaci da shuɗi ko ja gwargwadon inda haske ya faɗo. Har yau akwai irin wannan tayil guda 139 kewaye da mihirabin Babban Masallacin Ƙairawan a Tunisiya, garin malamin da ya wallafa Risala. An kafa su wajen shekarar 862.

A ƙarni na 17 wani mai sana'ar carbi a birnin Faris ya riƙa wanke ɓawon wani ƙaramin kifi yana tara abin da ke sa shi sheƙi, yana yin lu'ulu'un kwaikwayo da shi. A shekarun 1960 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da hanyar da ake bi har yanzu: a ɗauki ɓarɓashin maika, wani dutse da ke ɓarewa falle-falle, a lulluɓe kowane falle da siririyar fatar wani farin sinadari na titaniyam. Kaurin fatar ne ke yanke launi. Mafi siranta tana ba da ruwan azurfa, idan ta ƙara kauri ruwan zinare, sai ja, sai shuɗi, sai kore. Sinadarin ɗaya ne, fari ne kuma. Kauri kaɗai ya bambanta.

Daga baya aka samu falle masu hawa da yawa da ke tsallakawa daga launi zuwa launi. Kamfanin Ford ya fitar da wata motar Mustang da irin wannan fenti a 1996. Ana kuma amfani da shi wajen hana jabun kuɗi: a takardar dala 100 da aka fitar a 2013, lambar da ke kusurwa tana juyawa daga ruwan jan ƙarfe zuwa kore idan aka karkata ta.

Abin da marina da masu bugu suka sani

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Marini yakan gane karofinsa ya nuna idan ya ga wata fata mai ruwan jan ƙarfe da shunayya ta taso a saman ruwan baba. Garin Kura da ke kudu da Kano ya yi suna wajen turkuɗi da rawanin da ake kira ɗan Kura: saƙa ce ta siraran ƙwarya, a rina ta sau da yawa har ta kusa baƙi, sannan masu bugu su shafa mata garin shuni su yi ta dukanta a kan gungume har ta ɗauki walƙiya irin ta ƙarfe. Buzaye suna sayen ta da tsada, kuma shunin da ke zuba a fatarsu ne ya sa Turawa suke kiran su shuɗɗan mutane. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbutu da Gat da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, tana nan tana aiki.

Sheƙin turkuɗi ba daidai yake da na wuyan tantabara ba. Shuni ne da aka danne ya yi sumul har samansa ke mayar da jan haske kamar ƙarfe, alhali cikinsa shuɗi ne. Amma ƙa'idojin aikin guda ne, kuma su ne mai fenti yake bukata: ƙasa ta yi duhu sosai, sama ya yi santsi sosai, abin da ake ɗorawa kuma ya kwanta sirit, hawa bisa hawa. Mai bugu bai taɓa tsammanin sheƙi daga ƙyallen da bai sha baba ba.

Waɗanne siffofi ake nufi?

A Turai da Amurka akwai dubban mutane da ke yi wa ƙananan sojoji da dodanni na roba fenti, waɗanda tsayinsu bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba, wato kusan gaɓa ɗaya da rabi ta yatsa. Kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila ya fito da wasan Warhammer a 1983, kuma yana shirya gasar fenti mai suna Golden Demon tun 1987. Kamfanoni irin su Vallejo da Green Stuff World na Sifen da Turbo Dork na Amurka suna sayar da fenti mai rikiɗa a ƙananan kwalabe saboda wannan aiki.

A nan gida muna da namu: dokin yumɓu da shanun da yara ke ginawa da damina, ƴar tsana, motar gwangwani, jirgin sama na kwali, ƙaramin masallaci ko ƙofar gari da ɗalibai ke haɗawa, da kwalliyar ƙorai da ludaya. Malamai suna da magana a kan sassaƙa siffar abu mai rai, kuma da yawansu sun keɓe kayan wasan yara, bisa hadisan da suka nuna Nana A'isha tana da ƴaƴan tsana. Wanda ya fi son ya kauce wa saɓani yana da fili mai faɗi, domin dabarar tana aiki a kan mota, tulu, hasumiya ko murfin kwalla.

Abu guda ya kamata a lura da shi tun wajen zaɓe. Wuri mai lanƙwasa ya fi nuna rikiɗa, saboda yana fuskantar ido ta kusurwoyi da yawa a lokaci guda. Ƙirjin tsuntsu, bayan ƙwaro, tulluwar gini da gaban mota duk sun dace. Wuri shimfiɗaɗɗe launi ɗaya yake nunawa har sai an juya shi.

Shirya jiki kafin fenti

Rabin aikin a nan yake. Idan yumɓu ne, a bar shi ya bushe a inuwa don kada ya tsage, a goge shi da bayan cokali ko dutse mai sulɓi tun da sauran danshi, a gasa shi idan da hali. Yumɓu yana shan fenti, don haka a toshe shi da farin gam na kafintoci da aka tsinka da ruwa, shafi biyu. Idan itace ne, a bi shi da sanfefa mai laushi. Idan roba ce, a wanke ta da sabulu don maiƙo ya fita.

Daga nan sai baƙin fenti mai sheƙi. Dalilin baƙi shi ne, falle mai rikiɗa ba ya mayar da duk hasken da ya same shi. Sauran yakan wuce ƙasa. Idan ƙasan fari ne, wannan hasken zai dawo ya gauraya da launin da ake so, ya wanke shi. Baƙi kuwa shanye shi yake yi. Dalilin sheƙi shi ne falle ya samu wuri mai santsi ya kwanta, duk su fuskanci gefe guda. A kan wuri mai kaushi kowane falle yakan kalli nasa gefen, sai a samu ƙyalƙyali barkatai maimakon launi. A bar baƙin ya bushe sarai, ko da zai kwana.

Hanyoyi huɗu

Ta farko, fenti mai rikiɗa na kwalba. A girgiza shi da kyau domin falle yana kwanciya a ƙasa. A ɗebo kaɗan da burushi mai laushi, a ja shi gefe guda, kada a koma kan wurin da bai bushe ba. Shafin farko ba ya nuna komai sosai, kuma a nan ne mutane suke gaggawa su labta da yawa. Sai a shafi na uku ko na huɗu launin yake tashi. Sannu ba ta hana zuwa. Mai ƙaramar na'urar feshi zai fi samun sumul, amma burushi ma yana yi.

Ta biyu, hodar kwalliya. Masu gyaran farce suna amfani da wata hoda mai rikiɗa da ake samu a shagunan kayan kwalliya na manyan garuruwa, kuma wasu hodojin fatar ido suna da maika a ciki. A shafa man sheƙi marar launi a kan baƙin, a jira har ya kusa bushewa yana ɗan kama yatsa, sai a murza hodar da ɗan soso. Murzawar ce ke kwantar da falle. A kakkaɓe ragowar, a rufe da wani shafin.

Ta uku ita ce mafi araha, kuma ita ce ke ba da ainihin siririyar fata. A cika roba da ruwa, a nutsar da siffar da aka yi wa baƙi, a ɗiga fentin farce marar launi ɗigo ɗaya tak a saman ruwan. Nan take zai bazu, launukan bakan gizo su bayyana. Sai a ɗago siffar a hankali ta ratsa ta cikin fatar, a ajiye ta bushe. Wannan fata ba ta jure gugar hannu, don haka ta fi dacewa da abin ajiya. Fentin farce yana kama wuta kuma warinsa yana hawa kai. A waje ake yi, babba ne kuma zai yi.

Ta huɗu ba ta bukatar wani fenti na musamman, sai ido da hannu. A nan mai fenti yana zana rikiɗar ne da launuka na yau da kullum, kuma akwai tsarin da ya kamata ya bi. A zahiri, idan wuri yana karkacewa daga ido, launinsa yakan matsa zuwa ɓangaren shuɗi. Saboda haka idan tsakiyar da ke kallon ka kore ce, gefenta shuɗi ne, can baki shunayya, sannan duhu. Idan tsakiya ja ce, sai ruwan zinare, sai kore. A tsinka fentin da ruwa sosai, a riƙa ɗora shi kaɗan-kaɗan har iyakar launi da launi ta narke. A ƙarshe a sa ɗan ɗigon fari mai kaifi a inda haske ya fi dukawa. Wanda ya juya wannan jeri, ko mai kallo bai san dalili ba zai ji abin bai zauna ba. Hanya mafi kyau ta koyo ita ce a ajiye gashin zakara ko na tantabara a gefe ana dubawa.

Kurakuran da suka fi yawa

Shafi mai kauri yana toshe ƙananan zane, ya sa launi ya yi fari-fari. Gauraya fenti mai rikiɗa da fenti na yau da kullum yana binne falle. Rufe aiki da man da ba ya sheƙi yana kashe komai a shafi ɗaya, domin yana warwatsa haske. Mai sheƙi kaɗai ake sawa. Yi wa siffa gaba ɗaya rikiɗa yana gajiyar da ido: a zaɓi fukafuki, ko sulke, ko rawani, a bar sauran da launi mai kwanciya don a ga bambanci. A kuma wanke burushi da kofin ruwa daban, in ba haka ba ƙyalli zai bi duk launin da aka taɓa daga baya. Wajen dubawa, a fita hasken rana ko a haska tocila daga gefe guda. Ƙwan lantarki mai watsa haske ko'ina yana rage rikiɗa.

Me ya sa bai kamata a taɓa dutsen ma'adini ba?

A wuraren haƙar zinare akan ci karo da duwatsu masu ɗaukar ido. Akwai dutsen tozali mai walƙiyar azurfa, wanda mafi yawan nauyinsa dalma ce. Akwai duwatsun jan ƙarfe da samansu kan yi shuɗi da shunayya idan sun sha iska, har Turawa suna danganta su da ɗawisu. Yaro mai son kwalliya, ko babba mai neman araha, zai iya tunanin ya daka su ya kwaɓa da ƙaro ya shafa.

Ba zai samu launin ba. Abin da ke saman dutsen siririyar fata ce ta tsatsa, irin wadda aka yi bayani a baya. Da an daka, fatar ta tafi, garin da zai fito baƙi ne ko toka. Abin da zai samu tabbas shi ne ƙura, kuma mutanen Abare sun san abin da ƙurar dutse ta yi.

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bayan amai da jijjiga da suma. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Dutsen zinaren da ake kawowa cikin gida ana dakawa, ana niƙawa, ana shanyawa, cike yake da dalma. A wasu wurare an auna fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasa, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga wurin wasan yara 400 ne. An ƙiyasta yara kusan 400 sun rasu, dubbai kuma suka kamu. An fara kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da Ƴargalma a tsakiyar 2010, sannan Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza zuwa farkon 2011, sai Bagega a 2013. Aikin ya haɗa da kankare saman ƙasar gidaje, a binne ta nesa, a zuba sabuwa, kafin a ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022. Irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa. Illar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Abin wasa kuwa hannu yake zuwa, daga hannu sai baki.

Sana'ar ƙananan siffofi ita ma ta sha fama da dalma. Da ita aka yi ta zuba sojojin wasa a Turai shekaru da yawa, har kamfanin Britains na Ingila ya daina a 1966, sauran masu zuba siffofin wasa kuma suka koma ƙarfe marar dalma a shekarun 1990. A 2007 an janye miliyoyin kayan wasan yara daga kasuwannin Amurka saboda dalma a fentinsu. Iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawarar sawa a fenti ita ce kashi 90 cikin miliyan.

Ƙa'idojin kiyaye kai

Kada a ɗebi yumɓu daga kududdufin da aka taɓa wanke dutse, ko kusa da injin niƙa, ko tsohon wurin shanya. Ƙasa mai dalma ba ta da wari, ba ta da wata alama. Kada a narka dalmar batirin mota don zuba siffa. Kada a yi amfani da turmi, buhu ko roba da suka taɓa aikin dutse.

A fifita fentin da ake tsinkawa da ruwa, irin na ƴan makaranta da masu zane. A yi hattara da ragowar fentin mai na ƙofofi da motoci wanda ba a san asalinsa ba, musamman rawaya, ja da ruwan lemo, domin a irinsu aka fi samun dalma. Kada a kankare tsohon fenti a tsakar gida.

Kada a lashi burushi don fitar da tsininsa. A murza shi a kan tsumma mai danshi. Mai feshi ko mai aiki da hoda ya sa takunkumi, ya yi a fili. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Siffar da aka yi wa hoda ko fentin farce ta ajiya ce, ba ta yaron da ke kai komai baki ba. Yaron da aka ga yana yawan ciwon ciki, kasala, amai ko jijjiga, a kai shi asibiti a kuma gaya wa ma'aikatan lafiya idan ana aikin dutse kusa da gida.

Malaman makaranta da iyaye, ku ƙarfafa wa yara masu wannan baiwa. Da baƙin fenti, da robar ruwa, da gashin zakara ɗaya, yaro zai koyi zane ya kuma koyi ilimin haske a zama guda. Ku nuna musu da idonsu cewa launin yana cikin siririyar fata ne, kuma daka dutse ba ya fitar da shi. Dutsen ma'adini ya tsaya a wurin haƙa, kada ya shigo gida, kada ya kusanci kayan wasan yara.